Karen da Aka Tsinto a Kwalbati

Ku da kuke zuwa ƙofar gidan nan kuna nuna mini hotunan karnukan Turawa a waya, kuna cewa sana'ar kare ba ta da wuya, a ba shi abinci ya girma a sayar, ku matso ku zauna. Sunana Sale, amma daga Yalwan Damai har Fagam ba wanda zai gane wanda ake nufi sai an ce Sale Mai Karnuka. Aikina in raini kwikwiyo, in hore shi, in miƙa shi ga wanda zai yi wa aiki. In na wani ya yi ciwo ko ya lalace, a kawo mini in duba. A kan wannan gemuna ya yi fari, kuma har yau akwai karen da in aka kawo sai na rasa ta inda zan fara.

Aikin farko da aka ba ni shi ne cire kaska. Wanda ya koya mini sana'a, Baba Dogo, mafarauci ne a Fagam, mutum mai ƙarancin magana. Ranar da na je wurinsa ya nuna mini wata tsohuwar karya da kunnuwanta suka cika da kaska, ya miƙo mini gwangwani da ɗan kananzir a ciki, ya saɓa fartanyarsa ya tafi gona. Kaska ba a fizgarta. In ka fizga, kanta zai maƙale a fata, wurin ya yi ƙurji. Sai ka kama ta daidai inda ta kafa baki, ka ja a hankali har ta saki, ka jefa a gwangwani. Amma kafin hannunka ya kai ga kunnen, sai karyar ta yarda da kai, kuma wannan shi ne karatun da yake so in yi. Na yi damina guda a gidansa bai bar ni na ba kare umarni ba. In na ce, "Baba, yaushe za ka koya mini kira da usur?" sai ya ce, "Zauna ka dube su tukuna." Na dube su suna ci, suna faɗa, suna barci, har na gane wutsiya da kunne da gashin doron wuya duk magana suke yi.

Kayan aikin ba su da yawa. Igiyar rama mai laushi, wadda ba ta cin wuya. Takunkumin fata da wani baduku a Gwaram yake ɗinka mini, domin ranar da za a wanke ciwo. Almakashi, sabulun salo, man kaɗanya, zuma domin ƙuna, ganyen darbejiya da ake dafawa a yi wa mai ƙuma wanka. Sai kasko. Kowane kare da kaskonsa, kuma kaskon kare ba ya haɗuwa da kwanon mutane. Kare ba ya shiga ɗakina, ba ya zuwa inda nake salla, in kuwa ya sa baki a ƙwarya a wanke ta yadda malamai suka karantar. Abinci kuwa dusa ce da kanzo da tsaki, a zuba romon ƙashi daga wurin mahauta, wani lokaci da ɗan tsala, wato nono mai tsami. Allurar rigakafi ba aikina ba ce, ta malamin dabbobi ce, amma ba na sakin kare daga hannuna sai an yi masa.

Wani manomi daga gindin duwatsun Fagam ya taɓa zuwa ya ce in ba shi kare mai faɗa, birai sun hana shi cin masara. Na ce masa mai faɗa zai bi biri har kan dutse, garken birai su yayyaga shi. Abin da yake bukata mai baki ne, wanda zai tsaya bakin gona ya yi ta haushi har mai gona ya iso. Haka masu zuwa suke, kowa da abin da ya dace da shi. Makiyayi yana son wanda ya tashi cikin maruƙa, ba ya korar saniya, ba ya barin garke. Mafarauci yana son mai hanci da shiru. Mai shago a Birnin Kudu yana son wanda zai kwanta da rana kamar babu shi. In ka ba mutum karen da ba nasa ba, ka cuci mutumin, ka cuci karen, kuma a kasuwa sunanka za a kira.

Sai shekarar haukan kare ta zo. Wani baƙon kare ya ratso ƙauyukanmu yana dalalar da miyau, ya ciji dabbobi, ya ciji mutane. Cikin waɗanda ya ciza har da Rabi, 'yar maƙwabcina Malam Hudu tela, tana dawowa daga rijiya. Cizon ɗan kaɗan ne a ƙafa. Aka wanke aka sa magani, ya warke, kowa ya manta. Da ciwon ya tashi daga baya, an kai ta asibiti amma lokaci ya riga ya wuce. Da ni aka ɗauki gawarta. Bayan haka mutane suka tashi wa karnuka da sanduna da duwatsu, mai lafiya da marar lafiya. Nawa duk an yi musu allura, amma wa zai tsaya ya saurare ka a ranar? Na kwashe waɗanda zan iya na raba wa makiyaya na nesa, sauran aka kashe. Ban zargi kowa ba. Shekarar nan ba wanda ya tambaye ni kwikwiyo. Na yi ƙodago a gonakin mutane, ba abin da ya rage mini sai tsohuwar karya guda ɗaya a bayan gida, mai suna Duniya, wadda haƙoranta ma sun zube.

Da bazarar da ta biyo baya ne, wata ranar kasuwar Gwaram da hantsi, Alhaji Musa ya tsaya da motarsa a ƙofar gidana. Direban motar kaya ne, yana jigilar hatsi zuwa Kano, mun san juna tun muna samari. Ya ce, "Malam Sale, zo ka ga abin da na kwaso wa kaina."

A bayan motar, cikin buhunan da babu komai, ga wani baƙin kare kwance, haƙarƙarinsa duk a waje. An ɗaure masa waya a wuya, ta ci fata ta shige. Gefen cikinsa na hagu ƙuna ce mai faɗi, gashin ya tafi, ƙudaje sun taru. Ya dube ni bai yi gurnani ba, ko ƙarfin hakan ba shi da shi.

Na ce, "Alhaji, ina ka same shi?"

"A kwalbati, hanyar Fagam. Na tsaya zuba wa mota ruwa na ji nishi. Na tafi har na yi nisa, sai na kasa, na juyo."

"Ka san halin da ake ciki a garin nan kuwa?"

Ya ce, "Na sani. Amma rai ne, Malam. In zai mutu, ya mutu a inuwa."

Na sa masa takunkumi, na yanke wayar da filaya, na wanke wuyan da ruwan gishiri. Ƙunar na shafa mata zuma na rufe da tsumma mai tsabta. Irin wannan kare ba a cika masa kasko, cikinsa ba zai ɗauka ba. Romo kaɗan, a dakata, a ƙara. Na yi masa wuri a ƙarƙashin rumfar bayan gida, na kewaye da danga mai ƙarfi. Da yake ban san sunansa ba, na riƙa kiransa Baƙo. Da yamma na je wurin mai unguwa da ƙafata na gaya masa, domin gara ya ji daga bakina. Na kuma aika wa Malam Aminu, malamin dabbobi da ke Birnin Kudu.

Ciwon jiki bai ba ni wahala ba. Wanda ya ba ni wahala ya bayyana ne da ya fara samun ƙarfin yin barci sosai. Wata rana bayan azahar, zafi ya kwantar da kowa, ina gyaran igiya a gindin darbejiya, sai na ji wani kuka daga rumfa, siriri, kamar na jariri. Na leƙa. Idonsa a rufe, ƙafafunsa huɗu suna shure-shure kamar mai gudu, leɓensa yana rawa. Kowane kare yana haka a barci, na sha gani, zomo yake bi. Amma wannan ba bi yake ba, shi ake bi. Kukan ya yi ta hawa har ya zama ihu. Sai ya zabura ya miƙe, ya kai cizo ga iska, ya kai ga ginshiƙin rumfa, ya banki danga da kansa, fitsari yana zuba. Ya juyo ya dube ni da idon da bai san ni ba. Ya daɗe yana karkarwa kafin ya koma lungu ya cusa kansa.

Duk unguwa an ji. Kafin la'asar mutane sun taru a ƙofar gida, wasu da sanduna. Malam Hudu yana gaba, bai ɗauko komai ba, tsaye kawai yake.

Ya ce, "Sale, ka taya ni binne Rabi. Yanzu kuma ka kawo mana wani?"

Na ce, "Malam Hudu, ba hauka ba ne. Yana ci, yana shan ruwa."

"Wancan ma ai da yana shan ruwa."

Allah ya sa Malam Aminu ya iso a kan babur ana cikin haka. Da karen ya ji ƙarar babur ɗin, ya sake haukacewa a cikin danga, mutane suka ja da baya. Malam Aminu ya kashe injin, ya shiga ya tsaya daga nesa ya daɗe yana kallo. Ya sa na miƙa ruwa, karen ya sha bayan ya lafa. Ya fito ya yi wa mutane magana a fili. Ya ce alamun da ya gani ba na hauka ba ne, amma ba zai rantse ba tukuna. A tsare karen, kada ya fita, kada kowa ya shiga sai ni. Mai hauka ba ya daɗewa, ciwon zai nuna kansa ya kashe shi. Zai riƙa zuwa dubawa, in ya ga alama ko ɗaya, shi da kansa zai kawar da shi. Mai unguwa ya ce an ji, a yi haka. Malam Hudu ya juya ya tafi.

Da muka rage mu biyu, Malam Aminu ya ce, "Malam Sale, dabba tana mafarki kamar yadda muke yi, kuma abin da ya same ta yana dawo mata. Ƙunar ina da maganinta. Wannan kuwa ba ni da allurarsa. Abu ɗaya zan roƙe ka, in yana cikin mafarkin kada ka taɓa shi. Ba kai yake gani ba."

To, ga aikin da na yi, ku da kuke cewa abinci ne kawai.

Na fara da lura da abin da ke tayar masa da hankali a farke, domin ranar da ya firgita da safe, ranar barcinsa ya fi muni. Na ɗaya babur. Na biyu hayaƙi, musamman na ciyawa, in ana ƙona gona ana sharar daji. Na uku mutum ya tsaya a kansa da wani abu mai tsawo a hannu, ko da muciya ce. Na roƙi mai ɗakina Gambo ta mayar da murhunta ɗaya gefen gidan. Ta ce, "Yau kuma kare ne zai tashe ni daga madafi?" Amma ta mayar. Na daina shiga wurinsa a tsaye, sai in durƙusa daga bakin danga in ba shi gefena, ba fuskata ba. Igiya kuwa ban sake kai ta wuyansa ba. Na gyara makwancinsa ya zama bayansa yana jikin bango, idonsa yana ganin ƙofa, domin wanda aka taɓa yi wa ba-zata ba ya barci in bayansa a buɗe yake.

Abinci a kan lokaci, kullum, ba sauyi. Kafin in zuba sai in ƙwanƙwasa kasko da ɗan kara, har ya san wannan ƙarar alheri ce. Da ya san haka, na samu abin tashinsa. In na ji kukan ya fara, ba na jira ya kai ga ihu. Sai in tsaya daga nesa in ƙwanƙwasa kasko a hankali, in ce, "Baƙo, Baƙo, nan ne." Wani lokaci ya buɗe ido ya dube ni ya sauke numfashi. Wani lokaci ƙarar ba ta kai inda yake ba, sai ya yi ta yi har ya gama. In ya farka ba na rarrashinsa da yawa, ba na kuma tsawata masa. Zama nake yi a wurin ina abin da nake yi, ya ga duniya tana nan yadda ya bar ta.

Da kwanakin tsaro suka cika lafiya, Malam Aminu ya yi masa allura, ya je ya shaida wa mai unguwa. Sai na shigar masa da Duniya. Tsohuwar ta shinshine shi, ta je ta kwanta a tsakiyar makwancinsa kamar gadon ubanta. Da farko ya koma lungu. Daga baya na same su baya da baya. In ya fara shure-shure sai ta ɗaga kai ta yi masa ɗan gurnani, ta koma barcinta, shi ma sau da yawa sai ya lafa. Na fara fita da shi da sassafe ta bayan gari, inda ba kowa, ya yi tafiya har ya gaji, domin gajiyayyen kare ya fi nisa a barci. Babur kuwa na ari na ƙanen Gambo, na jingine shi a tsakar gida a kashe, na riƙa ajiye kasko nesa da shi, ina matsowa kaɗan-kaɗan. Da ya iya ci a gindinsa, sai na sa a tayar da babur ɗin can bakin hanya karen yana cin abinci, a kashe kafin ya bar kaskon. Wata rana mu ci gaba, wata rana mu koma baya.

Babbar komawa baya ta zo ne ta hannun Alhaji Musa. Ya biyo da rana ya duba Baƙo, ina bakin rijiya. Ya tarar da shi cikin mafarki yana kuka, tausayi ya kama shi, ya miƙa hannu ta saman danga ya shafa kansa. Karen ya kama shi a tsintsiyar hannu. Na sheƙo na tarar da jini yana ɗiga a kan farar rigarsa. Muka wanke da sabulu da ruwa mai yawa, na raka shi asibiti aka yi masa allurai, domin a wannan ba a cewa ai na san karen. Kafin mu dawo labari ya gama gari. Na ce a raina shi ke nan, yau ba mai hana mutane kashe shi. Amma Alhaji bai tafi gida ba. Da hannunsa a naɗe ya wuce zauren mai unguwa, ya ce, "Ni na kawo shi, ni na taɓa shi yana barci bayan an hana. In laifi ne, nawa ne." Malam Hudu yana wurin. Ya ce, "Alhaji, kai babba ne, hannu ya kama. In yaro ne fa?" Mai unguwa ya yanke cewa ba za a kashe shi ba, amma kafin kaka in nema masa wuri a wajen gari. Na ga hukuncin ya yi daidai. Sai dai wa zai karɓi karen da ke cizo a cikin barci?

Damina ta yi nisa, rannan wata mai tallan nono ta yi sallama, dattijuwa, ba wadda ta saba zuwa ba. Sunanta Inna Adama. Ta sauke ƙwarya suna ciniki da Gambo, sai na ga Baƙo ya taso ya manna hancinsa a danga yana shaƙar iska, wutsiyarsa tana ɗan motsi. Ban taɓa ganin ta motsa ba. Matar ta waiga. Ludayin ya tsaya a hannunta.

Ta ce, "Jarmai?"

Karen ya kwanta a ƙasa yana wani irin kuka, yana jan ciki zuwa wajenta.

Gambo ta kawo mata ruwa. Sannan ta ce karen ƙanenta ne, Buba. Rugarsu tana can bayan Fagam, ita ma a nan take zaune tun rasuwar mijinta. Ɓarayin shanu suka zo musu a kan babura. Jarmai ne ya fara jin su, ya kama ɗaya a ƙafa. Suka maƙure karen da waya suka ɗaure a jikin bukka, suka cinna wa bukkar wuta. Buba ya fito da sanda, suka harbe shi. Suka kora shanun. Waɗanda suka tsira suka watse, ita ta dawo wurin ɗanta da ke kiwo a wajen Surko.

Ta ce, "Mun ɗauka ya ƙone."

Na ba ta labarin yadda yake yi a barci. Ta gyaɗa kai kamar ba sabon abu ta ji ba. Ta ce, "Malam, wannan tun yana kwikwiyo a dangwali yake kwana, inda ake ɗaure maruƙa. Bai san barci ba sai da warin shanu."

Na ce, "To Inna, ko za ki tafi da shi? An ba ni wa'adi."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta ɗora a ka. Ta ce, "Ba zan iya buɗe ido kullum in gan shi ba." Ta fita.

Amma na ɗauki abin da ta faɗa. Na je wurin wani makiyayi na roƙi tsohuwar igiyar dangwali da busasshen kashin shanu, na shimfiɗa a makwancinsa. Na daina cewa Baƙo, na koma Jarmai. Ranar ya yi barci tun azahar har la'asar, ko motsi bai yi ba. Mafarkin bai tafi ba, kada ku ce na ce ya tafi. Amma ya ragu, kuma in na kira sunansa na gaskiya yakan dawo da wuri.

Gero ya fara fitar da kai, ban sami mai karɓa ba. Na tambayi makiyaya da dama, kowa in ya ji labarin cizon sai ya ce zai yi shawara. Sai wata safiya na ji sallama. Inna Adama ce, ba ƙwarya a kanta, tare da ɗanta Jauro, magidanci mai 'ya'ya.

Ta ce, "Na zo in tafi da shi. Na gwada barinsa, bai bar ni ba."

Na zaunar da Jauro na gaya masa komai. Kada a ɗaure shi a wuya. Kada yara su matsa in yana barci, a gaya musu a kuma sa ido. In ya fara kuka a kira sunansa daga nesa. Na ba su kaskonsa. Muka fito ta ƙofar gida, karen yana bin zanen Inna ba igiya. Malam Hudu yana kan kekensa na ɗinki a rumfar ƙofar gidansa. Ya tsayar da ƙafa ya bi su da kallo. Ashe labarin ya kai gare shi ta wurin mata. Ya ce, "Inna, Allah ya jiƙan ɗan'uwanki." Ta ce, "Amin. Kai ma na ji naka. Allah ya ba mu haƙuri." Ya dubi karen sau ɗaya, ya mayar da kansa kan ɗinki.

Bayan an gama girbi na je Surko duba wata karya da ta haihu, na ce bari in ratsa rugar Jauro. Na isa rana tsaka. Manyan shanu sun tafi kiwo, maruƙa suna kwance a inuwar wata tsamiya, ga Jarmai a tsakiyarsu ya miƙe ƙafafu, ya yi ƙiba, gefen ƙunar ya zama tabo mai sheƙi inda gashi bai sake fitowa ba. Inna Adama tana zaune a kan tabarma tana gyaran ƙwarya. Muka gaisa, ta ce ya koma aikinsa, ko dila ba ya matsowa.

Muna cikin magana sai ƙafafunsa suka fara rawa, siririn kukan nan ya taso. Na yunƙura. Ta ɗaga mini hannu in zauna. Ba ta ko ajiye ƙwaryar ba, ta ce, "Jarmai. Sun tafi." Ya buɗe ido, ya dubi maruƙan, ya dube ta, ya ja dogon numfashi ya mayar da kansa ƙasa.

Na ce, "Ashe har yanzu yana yi."

Ta ce, "Yana yi. Ni ma ina yi, Malam. In nawa ya zo, shi ne yake zuwa bakin bukka ya tsaya har in farka."

Ta zuba mini nono a ƙaramar ƙwarya. Na sha, na yi godiya, na kama hanya tun rana ba ta yi sanyi ba.